Yadda na gyara ƙofar motata da batirinta a gida

Motata 'yar Japan ce, daga Amurka aka shigo da ita ta Kwatano, kuma ta kwana biyu a duniya kafin ta zo hannuna. Injinta lafiya lau. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙofar baya ta dama, wadda yara ke shiga ta nan idan zan kai su makaranta. Da hunturu ya kankama a Kano sai ta daina kamawa da turi ɗaya. Ka tura ta, ka ji ta ce ƙas, ka ɗauka ta rufu, amma in ka dubi gefenta sai ka ga ta ɗan turo waje, jar fitilar nan mai hoton mota da buɗaɗɗiyar ƙofa kuma tana ci a gaban direba. Sai an sake buɗewa an buga ta da ƙarfi sannan fitilar ta mutu.

Uwargida ce ta fara yi mini magana. Ta ce, "Baban yara, ni fa ƙofar nan ba ta kwanta mini a rai ba. Auta a jikinta yake jingina in barci ya ɗauke shi." Gaskiyarta. Duk wanda ke hawa motocin haya a garin nan ya sha ganin ƙofar da aka ɗaure da igiya ko tsohon tub, ko wadda sai direba ya zagayo ya buɗe wa fasinja daga waje. Mun saba gani har ya daina ba mu tsoro, alhali kuwa ƙofar da ba ta kama sosai tana iya wangalewa a kwana ko a rami, kuma wanda ke kusa da ita shi zai fara fita.

Kafin in samu sararin duba ta, sai wata matsalar ta riga ni. Na ajiye motar ranar Juma'a da yamma a rumfa, na lulluɓe ta da tampol saboda ƙura, ban sake taɓa ta ba sai safiyar Litinin. Na murɗa makulli, sai ƙararrakin nan na tak-tak-tak a jere, fitilun gaban direba suna dishewa, inji ko motsi bai yi ba. Otomatik ce, ba a tura ta ta tashi. Maƙwabcina da ya fito zai tafi kasuwa ya leƙo ya ce, "Malam, batirin nan ya gama aiki, ka sayi sabo ka huta." Na ce, "Alhaji, bari dai in auna shi tukuna, kada in sayi sabo shi ma a kashe mini shi."

Ina da 'yar mita ta auna wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da janareto ke amfani da ita. A ganina duk mai mota ya kamata ya ajiye ta, don kuɗinta bai kai na kiran mai wayarin gida sau ɗaya ba. Batirin mota mai cikakken caji, idan inji a kashe yake, yana nuna kusan volt 12.6. In ya sauka zuwa 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Nawa ko 12 bai kai ba. Kan batirin kuma, musamman na jar waya, ya tara farin gari mai ɗan shuɗi, wanda shi kansa yana hana wuta wucewa yadda ya kamata.

Na ɗauko sifana mai lamba 10 na kwance kan baƙar waya da farko, sannan na ja. Wannan jerin yana da dalili. Jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da baƙar waya, don haka in ka fara da ja, sifana ta goga jikin ƙarfe, tartsatsi zai tashi, har ma sifanar ta iya ƙona maka hannu. In ka fara cire baƙar, wannan haɗarin ya kau. Wajen mayarwa kuma ja ake fara ɗaurawa, baƙa a ƙarshe. Na jiƙa farar kanwa a ruwan ɗumi, na riƙa ɗigawa a kan garin yana kumfa, don kanwa tana kashe kaifin ruwan batir. Na goge da tsohon buroshin haƙori, na kula kada ruwan ya shiga ramukan batirin ko ya fallatsa mini a ido, na tsane da tsumma, na ɗaure su tam har ba sa juyawa da hannu.

Alhaji ya kawo motarsa kusa muka jona. Jar waya daga kan ja na batirina zuwa kan ja na nasa, baƙa daga baƙin nasa, ɗaya bakinta kuma na maƙala a wani ƙarfe na jikin injina nesa da batirin, saboda batirin da ke caji yana fitar da iskar da ke kama wuta. Muka bar motarsa tana aiki na ɗan lokaci, na murɗa, ta tashi. Na sake ɗora mita inji yana aiki, ta nuna 14 da 'yan kai. Altaneta mai lafiya, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki, tana bayar da wajen volt 13.8 zuwa 14.4, ke nan caji ba shi da laifi. Saura tambaya ɗaya: me ya shanye wutar alhali mota tana ajiye?

A daren nan bayan sallar isha'i na fito na ɗaga tampol, na tarar da fitilar rufin mota tana ci. Da rana ba ka ganinta, da dare kuma tampol ya ɓoye ta. A jikin ginshiƙin kowace ƙofa ta motata akwai wani ɗan maɓalli mai rigar baƙar roba, wanda ƙofa ke dannewa in ta rufu, shi ke kashe fitilar. Ƙofar bayan da ta tsaya a rabin hanya ba ta danne shi sosai. Na yi lissafi a zaune: ƙwan fitila mai wat 10 yana jan wajen amp 0.8, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin kuwa awa sittin da ɗoriya ne. Wannan ya kai amp-awa hamsin, batirina kuma duka-duka mai 60 ne. Wasu motoci na baya-bayan nan suna kashe fitilar da kansu bayan 'yan mintuna, tawa ba ta da wannan. Ashe ƙofar ce ta kashe batirin, kuma da na sayi sabo, shi ma haka za ta yi masa.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a gefen motar, na buɗe ƙofar na haska gefenta da tocilan. Yawancinmu muna buɗe ƙofar mota muna rufewa shekara da shekaru ba mu taɓa kallon wajen nan ba. A gefen ƙofar akwai wata tsaga, a cikinta wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, wanda ke juyawa. A jikin ginshiƙin mota kuma akwai lanƙwasasshen ƙarfe da aka ɗaure da sukuru biyu. In ƙofa ta zo rufuwa, wannan ƙarfen ya shiga bakin gwafar ya juya ta, wani ɗan haƙori a ciki ya faɗa ya tokare ta don kada ta koma. Hannun ƙofa, na ciki da na waje, aikinsu ɗaya ne kawai, su ɗage haƙorin nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin kamawar biyu ne. Akwai kamun farko, akwai na biyu wanda shi ne rufuwa ta sosai. Da gangan aka yi haka, har ma dokar ƙera motoci ta Amurka mai lamba 206 ta wajabta shi a ƙofofin gefe, domin in kamun sosai ya kuɓuce, na farkon ya riƙe ƙofar. Wato yarana sun yi ta tafiya a kan kamun ko-ta-kwana ne. Wannan ya sa na ji jikina ya yi sanyi.

Ana iya gwada makullin ƙofar, wato gwafar nan da haƙorinta, ba tare da an rufe ƙofa ba. Na ɗauki sukundireba mai kauri na kwantar da ita a bakin gwafar, na tura a hankali kamar yadda ƙarfen ginshiƙi zai yi. Ƙas na farko ya fito da sauƙi. Na biyu sai da na dage da hannu biyu, kuma ko da ya zo, a mace ya zo, ba shi da kaifi. Da na ja hannun ƙofa don ta saki, gwafar ta dawo a kasale. Na zura ɗan tsinke na laƙato abin da ke ciki: tsohon giris ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare, ya yi baƙi ƙirin, yana maƙale a tsinken. Ba abin da ya karye, datti ne ya riƙe sifirin ɗin da ke mayar da haƙori.

Na tokare tsumma a ƙasan tsagar don kada ya ɓata fenti, na fesa WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa da datti, ta siririn bututunsa har baƙin ruwa ya riƙa gangarowa. Ina fesawa, ina tura gwafar da sukundireba, ina jan hannu ta saki, ina gogewa da buroshi, har ruwan da ke fitowa ya washe, ƙas ɗin biyu suka riƙa fitowa rau da yatsa ɗaya. Wannan feshin wanki yake yi, ba ya daɗewa yana santsi, shi ya sa bayan ya tsane na bi da farin giris kaɗan a kan gwafar da wajen juyawarta. Na ce kaɗan, domin duk abin da ka lafta a nan ƙura zai kira. Baƙin mai da wasu ke ɗigawa a ƙofa kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, yana zuba ya ɓata tufafin fasinja, kuma kafin hunturu ya wuce ya sake cushe wajen.

Akwai abin da ya kamata a kiyaye a nan. Duk sanda ka gama gwaji da sukundireba, ka ja hannun ƙofa gwafar ta koma a buɗe kafin ka rufe. In tana kulle ka tura ƙofar, za ta bugi ƙarfen ginshiƙi ta dawo maka, ta ƙi rufuwa sam. Wannan yakan faru da mutane a hanya, yaro ya yi wasa da wajen da yatsa ko bel ya maƙale ya juya ta, sai a yi ta buga ƙofa da ƙarfi har a lanƙwasa wani abu. Maganinsa bai wuce ka riƙe hannun ƙofa a jaye, ka sa sukundireba ko makulli ka jawo gwafar waje ba.

Da na rufe, ta kama har mataki na biyu, amma sai na ɗan ƙara ƙarfi fiye da sauran ƙofofin. Na koma kan ƙarfen ginshiƙi. Na goga masa alli na rufe na buɗe, na ga inda allin ya goge: a tsakiya yake, ba ya gugar sama ko ƙasa, ke nan tsayinsa daidai ne, ya dai shige ciki da yawa. Na zagaye gindinsa da biro don in san inda yake tun asali, na sassauta sukurun biyu ba tare da na cire su ba, na ƙwanƙwasa shi waje da ƙotar guduma kamar milimita ɗaya zuwa biyu, na ɗaure. Sukurun nawa manya ne masu kan kuros, amma a motocin Turai da yawa masu kan tauraro ne, sai da nasu makullin. Kada a cire su gaba ɗaya, domin a wasu motocin farantin da suke kamawa a cikin ginshiƙi yakan zame ya faɗa ciki. Daga nan ƙofar ta koma rufuwa da turin yaro, fitilar rufi kuma tana mutuwa nan take.

Ina cikin murna sai babbar 'yata ta shiga ta ce, "Abba, ta ƙi buɗuwa ta ciki." Na buɗe mata daga waje na duba gefen ƙofar. Ɗan maɓallin kulle yara ne ya motsa lokacin da nake gogewa. Yana nan a gefen ƙofofin baya kusa da makullin, in an tura shi hannun ciki ya daina aiki. Mutane da dama sun biya kuɗin gyara a kan wannan maɓallin. Ni dai a kulle na bar na ɓangaren auta.

Tunda kayan aiki suna waje, na juya kan ƙofar direba, wadda hannunta na waje ya daɗe yana sakwarkwacewa, har ya kai sai na buɗe ta baya na miƙa hannu na buɗe ta ciki. A nan hankali kaɗai ya isa ya nuna inda matsala take. Ƙofar da ke buɗuwa ta ɓangare ɗaya ta ƙi ta ɗayan, makullinta lafiya yake, abin da ya haɗa hannun da makullin ne ya saki. Wadda ta ƙi ta ko'ina, ita ce ake zargin makullin kansa. Wannan aikin sai an buɗe cikin ƙofa.

Na ɗaga gilashi har sama, na sake cire baƙar wayar batir. Sukurun murfin cikin ƙofa a ɓoye suke: ɗaya a bayan hannun buɗewa ƙarƙashin wani ɗan murfi, ɗaya a cikin ramin da ake riƙewa a jawo ƙofa. Na zuba su a murfin kwano don kada su ɓace a ƙasa. Na naɗe bakin sukundireba mai faɗi da tsumma, na zura daga ƙasan murfin, na riƙa ɓamɓarewa a hankali kusa da kowane kilif, suna sakin jiki ɗaya bayan ɗaya. Robar da ta sha zafin Kano shekaru tana da saurin karyewa, wasu sun fashe duk da lallaɓawar da na yi. Da suka saki, sai a ɗaga murfin sama ya fita daga bakin gilashi, kada a fizge shi, don wayoyin maɓallan gilashi da igiyar hannun ciki suna maƙale a bayansa.

A bayan murfin akwai farar leda da aka manne da baƙin danƙo. Na ga ƙofofi da yawa da aka yage wannan ledar aka yar, kuma kuskure ne babba. Ruwan sama yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, ya fita ta wasu ƙananan ramuka a ƙasanta, ledar ce ke hana shi jiƙa murfin da wayoyi. Na ɗaye ta rabi daga ɓangaren makulli, na kuma zura waya na buɗe ramukan ƙasan da ƙasa ta toshe.

Na haska ciki, ga abin nan a fili. Wani siririn sandan ƙarfe da ya sauko daga hannun waje zuwa makulli yana reto, ɗan kilif na roba da ke riƙe bakinsa a cikin rami ya tsage gida biyu, rabinsa yana kwance a ƙasan ƙofar. Na mayar da sandan da yatsa na ja hannun, makulli ya saki. Abin da ya hana ni shiga motata kamar kowa bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Gefen ƙarfen cikin ƙofa yana da kaifi, safar hannu tana da amfani a nan.

Na ɗauki ɓarin kilif ɗin na hau adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa. Wani dattijo mai sayar da kayan jikin mota ya juya shi a tafin hannunsa ya ce, "Oga, na wane gefe ne, dama ko hagu?" Na ce, "Baba, na direba ne." Ya bayyana mini cewa kilif ɗin nan akwai mai naɗewa dama akwai mai naɗewa hagu, in ka ɗauki na wancan gefen ba zai kama sandan ba. Ya ƙara da cewa in wata rana makullin ne gaba ɗaya zan saya, in lura da motar da aka ciro shi. Mu tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu, kayan da aka ciro daga motocin Ingila ko na cikin Japan kuwa ƙofar direbansu a dama take, sai ka tarar da wayoyi ko wajen makullin hannu bai dace da taka ba. Ya ciro mini kilif daga wata tsohuwar ƙofa, na haɗa da na murfi guda goma na dawo. Sanya shi bai ɗau minti biyar ba. Na gwada hannun waje da na ciki da makulli tun murfin yana ƙasa, sannan na manne ledar na mayar da komai.

Ragowar abu ɗaya shi ne maɓallin da ke kulle ƙofofi duka lokaci guda, wanda wani sa'in ya yi aiki wani sa'in ya ƙi. Na fara da akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari, don murfinsa yana ɗauke da zanen wanne ne na me. Launinsu yana faɗin ƙarfinsu: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Na zare nasa na ɗaga a rana, zaren cikinsa bai tsinke ba. Da ya ƙone, da irinsa sak zan mayar. Masu naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadin fis suna cire abin da zai tsinke ya ceci motar ne, sai wayoyin su yi zafi su kama wuta.

Da na mayar da wayar batir na ci gaba da gwaji, sai na lura cewa maɓallin yana aiki in ƙofar direba ta kusa rufuwa, ya ƙi in an wangale ta. Na janye baƙar robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda wayoyi ke bi ta cikinta. Duk buɗewa da rufewa a nan suke tanƙwaruwa. Na riƙa jan kowace a hankali, ɗaya ta miƙe mini kamar roba, rigarta ce kawai ta rage, tagullar ciki ta tsinke. Na sake cire batir, na yanke wajen, na ƙara sabuwar waya mai kauri ɗaya da ɗan tsawo yadda mahaɗar ba za ta zauna a daidai wajen tanƙwarawa ba, na yi mata dalma na naɗe. Duk soket ko waya mai ruwan ɗorawa da na gani ban kusance ta ba, domin wannan launin na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum a haɗari, aikin masu shi ne.

Abin da na bar wa masu sana'a shi ne hinji. Da na buɗe ƙofar direba rabi na kama ƙasanta na ɗaga, na ji tana ɗan motsi sama da ƙasa, alamar hinjin sama ya ci. Ƙofar mota tana da nauyi, in aka kwance ta sai an tallafe ta da jak, mutum biyu suna riƙe, kuma daidaita ta da sauran jikin mota yana son ido da ya saba. Na kai wa wani mai gyaran jikin mota a unguwarmu, ya canza hinjin, ya daidaita tazarar gefen ƙofar. Kafin in biya shi ya sa takarda tsakanin ƙofar da robarta, ya rufe, ya ja a sama da tsakiya da ƙasa, ko'ina tana fitowa da ƙyar, sannan ya miƙo mini makulli.